Yayata da Rautar Injiniya

Yayata ta yi rayuwar aikinta duka a wani ɗaki marar taga a ƙasan benen wani kamfani, da abin sauraro a kunne, tana haɗa layin waya. A zamanin, in ka kira kamfanin muryarta za ka fara ji, ita za ta soka layinka a ramin ofishin da kake nema. Manaja da masinja duk ta hannunta suke bi. Ta san wanda matarsa ke kira tana kuka, ta san wanda za a kora kafin shi kansa ya sani. Ko guda ba ta taɓa kawo mana gida ba, duk nacina, ni kuwa Allah ya yi ni da son jin labari. Iyakar abin da take cewa shi ne, duk wanda aka zaunar a tsakiya komai na wucewa ta gabansa, ko bai yi niyya ba sai ya ji. Da aka kawo injin da ke haɗa layi da kansa aka sallame su, ta dawo gida ta ce ta gaji da riƙon sirrin mutane, daga yau nata za ta riƙe.

Ni ce ƙanwarta. Tsakanin gidana da nata akwai wata gadar masu ƙafa mai dogon matakala wadda gwiwata ta tsana. Tun muna yara ita ce mai shiru, ni ce mai baki, amma kada shirun ya ruɗe ka. Ni in na yi fushi unguwa ta ji, kafin yamma na manta. Ita in za ta ce a'a, a hankali take faɗa, sau ɗaya, sai ka je ka nemi wani abin yi.

Mutum ɗaya ne ya iya ja da ita, mijinta, Allah ya jiƙansa. Direban babbar mota ne da ya ajiye sitiyari ya kama kujerar falo. Kullum da la'asar sai ta haɗa shayi, ya zauna a kujerarsa ta jikin taga, ta zauna a tata, su fara. Sukari ya yi yawa, bai yi ba. Wa ya bar famfo yana ɗiga. Wace hanya ce ta fi kusa zuwa garin da ba wanda zai je a cikinsu. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka auren ya zo ƙarshe. Mu da muka san su, ranar da muka ji shiru muke tambaya ko lafiya.

Ranar da ya rasu tana gidana muna yankan labule. A falo ya faɗi shi kaɗai. Babban ɗansu ne ya biyo kawo masa magani, ya tarar da shi a ƙasa, hannu ɗaya a miƙe wajen teburin da waya take. Wannan ɗan shi muke kira Injiniya tun yana ƙarami, don ya taɓa kwance rediyon gidan ya kasa mayarwa. Yanzu injiniyan gaske ne, shi ke kula da kwamfutocin wata babbar ma'aikata, kuma ya san aikinsa. Abin da ya gani a falon nan bai taɓa barinsa ba. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ce na ci haƙƙin yaro, domin nan gaba zan yi masa tatas.

Da aka gama karɓar gaisuwa ya ce Umma ta koma gidansa. Ta ce a'a. Sai ga shi da wani baƙin akwati mai ƙahoni, ya ɗora a kan kabad ɗin falo. Rauta ce, irin wadda ke raba intanet a gida, amma tasa ba a nan ta tsaya ba. Ya sauya mata manhaja, ya jona mata ma'ajiya, ya ɗora mata aikin gidan gaba ɗaya. Wayar gida ta cikinta take bi. Rediyon da Yaya ke ji da safe daga cikinta yake fita zuwa lasifikar kicin. Ƙararrawar ƙofa ita ce, muryar da ke cewa lokacin shan magani ya yi ita ce, hotunan jikoki da ke juyawa a talabijin ita ce. Sai kuma kyamara guda can a kusurwar silin, wadda ko wutarta daga rautar take sha, ta wata siririyar waya da ya bi da ita ta bayan labule.

“Inna, kin gani?” ya ce mini, yana goge hannu. “Akwati ɗaya, soket ɗaya, batir ɗaya in an ɗauke wuta. Ba tarkacen wayoyin da za ta yi tuntuɓe da su. In wani abu ya lalace daga ofis zan gyara, ba sai ta zauna jirana ba.”

Ni dai na sa masa albarka, don maganar ta shige ni. Yaya kuwa silin take kallo.

“Wancan idon fa?”

“Ba mai kallonki, Umma. In kin faɗi ne kawai zai sanar da ni.”

Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ya rame, ta ƙyale shi. Tausayinsa ne ya sa ta bari, ta gaya mini daga baya.

Abin da Injiniya bai sani ba, ni ma ban sani ba a lokacin, shi ne Yaya ba ta daina shayin la'asar ba. Kofi ɗaya take haɗawa, ta zauna a kujerarta, ta fuskanci ta jikin taga, ta ci gaba daga inda suka tsaya. Ta ba shi labarin unguwa, ta yi masa faɗan tafiyar da ya yi ba sallama, ta tuno wata tsohuwar gardama ta sake buɗe ta. Wata rana ta yi dariya, wata rana ta yi kuka har ta gaji. In shayin ya ƙare ta wanke kofi ta kama aikinta.

Ina wurin ranar da abin ya fashe. Muna cin abincin rana mu uku, sai Injiniya ya ce, kamar a cikin wasa, “Umma, jiya wa kike nuna wa yatsa a falo?”

Ta ajiye cokali.

“Ka ce ba mai kallo.”

“Dubawa kawai na yi, in ga ko tana aiki.”

“To tana aiki,” ta ce, ta ɗauke farantinta ta shige kicin.

Da yamma ya kira ni a waya. Ya ce ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba, kullum Umma sai ta zauna tana magana da kujera. Ya ce ya yi magana da wani likitan ƙwaƙwalwa, kuma ya sa an gyara ɗakin baƙi a gidansa. “In abin ya ci gaba, Inna, dole ta dawo wurina, ko tana so ko ba ta so.” Na ce masa uwarsa ta fi mu hankali ni da shi a haɗe, na kashe wayata. Amma na san da gaske yake, kuma na san in aka fitar da Yaya daga falon nan an gama da ita.

Da farko tsumma ta gwada. Ta ɗora shi a bakin sandar mofa ta rataya wa kyamarar. Kafin ta ajiye sandar wayar gida ta yi ƙara, Injiniya ne, wai na'ura ta sanar da shi an rufe ido. Ta ce ya nuna mata inda ake kashe kyamarar ita kaɗai. Ya ce babu, a cikin rautar saitin yake. Ta ce ya ba ta kalmar sirrin rautar. Ya ce in ta shiga za ta taɓa abin da zai rikita komai. Washegari da la'asar ta haɗa shayinta, ta je bayan kabad ta zare fulogi, ta zare wayar batir.

Idon ya mutu. Haka ma wayar gida, da rediyo, da ƙararrawa, da mai tuna magani, da jikokin talabijin. Gidan ya koma kamar ba kowa.

Can a ofis wayar Injiniya ta fara ihu cewa gidan Umma ya ɓace. Ya kira wayar gida, ba ta shiga, don a cikin rautar take. Sai ya kira wa? Ni. “Inna, don girman Allah ki je ki duba.” Na hau gadar nan ina haki, na danna ƙararrawa, ba ta yi ƙara ba, don ita ma a cikin rautar take. Na dinga dukan ƙofa har maƙwabta suka leƙo. Ta buɗe da kofi a hannu.

“Lafiya kike dukan ƙofata kamar an biyo ki?”

Haka muka yi ta yi. Kullum da la'asar ta zare, kullum ya kira, kullum in hau gada. Wani lokaci takan manta ta mayar, sai ta wayi gari ba rediyo, ta tsallake maganin safe, autarta da ke aure a wani gari ta yi ta kira ba ta samu. Kowace mantuwa kuma sai ta zama wa Injiniya sabuwar hujja. Ranar da gwiwata ta kumbura na zauna a falonta na sauke mata kwandon masifa. Na ce ku biyun nan za ku kashe ni, ke da ɗanki, ki bar yaro ya kalle ki mana, me kike yi da ba a taɓa yi ba?

Ta bari na gama, sannan ta ce, “Ke da mijinki, kin taɓa yarda a zauna muku a tsakiya?”

Ta nuna rautar, ta ci gaba.

“Ni na yi aikin akwatin nan, na san shi. Ba mugunta ba ce, zama a tsakiya ne. Kuma dubi yadda ya ɗaure ni. In ina son jin muryar 'yata, sai na yarda a kalle ni. In ina son a tuna mini magani, sai na yarda a kalle ni. Abin da ba zan iya kashe shi shi kaɗai ba, ya gama zama a gidana. Tashi ki raka ni kasuwa.”

Da kumburarriyar gwiwar na bi ta shagon kayan lantarki. Mai shagon na ganin tsofaffi biyu ya ɗauko wata 'yar na'ura mai kama da gwangwani, ya ce wannan ita kaɗai ta ishe ta, rediyo ce, agogo ce, waya ce.

“Tana jin magana?” in ji Yaya.

“Har amsawa take, Mama.”

“Mayar da ita inda ka ɗauko.”

Ta sayi rediyo mai batir wanda ban da rediyo bai iya komai ba. Ta sayi ƙararrawar ƙofa mai cewa ƙirrr ta yi shiru. Ta sayi agogo mai ƙara don magani, da 'yar ƙaramar waya mai manyan madannai wadda ta sa wa igiya ta rataya a wuya. Kowanne sai ta juya shi ta ce a nuna mata makunninsa, ta kunna ta kashe a gaban mai shagon. Da muka dawo falon ya cika da kwalaye da wayoyin caji, ainihin tarkacen da Injiniya ya yi gudu, kuma ba zan ɓoye ba, bai yi kyan gani ba. Ta tura wa 'ya'yanta sabuwar lamba. Sannan ta zare fulogin rautar, ta naɗe wayar da kyau ta ɗora a kanta. Wannan karon ba abin da ya mutu a gidan sai idon silin.

Ranar hutun ƙarshen mako Injiniya ya zo da rundunarsa. Ya ɗauko Auta daga garinsu, ya ɗauko Baffa, ƙanen marigayi, tsoho mai sanda wanda ba a yanke magana a dangin sai da shi. A bayan motarsa na hango akwatunan kaya guda biyu, babu komai a ciki. Ni ba wanda ya gayyace ni, na riga kowa zama.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, kuma ba ƙarya a ciki. Abu biyar sun fi abu ɗaya saurin lalacewa, batir zai ƙare ba wanda ya sani, waya a wuya ba ta da amfani in mutum ya suma. Sannan ya ciro wayarsa ya ce bai so a kai ga haka ba, amma gara su gani da idonsu. Ya miƙa wa Baffa. Daga inda nake ina hango Yaya a allon, 'yar ƙarama, daga sama aka ɗauke ta, tana kaɗa wa kujera yatsa. Ba murya, hoto ne kawai. Raina ya ɓaci.

Yaya ta miƙa hannu aka ba ta. Ta kalli kanta har ƙarshe, ta mayar.

“Ni ce,” ta ce. “Da yayanka nake, Baffan yara. Na san ya rasu, ba sai likita ya gaya mini ba, ni na kwashe takalmansa daga bakin ƙofa. Tun da muka yi aure bai taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Yanzu da na samu dama ne za a ce na haukace?”

Baffa ya ƙyalƙyale da dariya har sandarsa ta faɗi, sai kuma ya kau da kai yana share ido. Ya ce shi ma in ya wuce ta tashar manyan motoci sai ya ji kansa yana yi wa marigayin tsiya.

Auta ta karɓi wayar tana ja da yatsa. Fuskarta ta sauya, ta dubi yayanta Injiniya. “Yaya, duk waɗannan? Har wanda take kuka ka ajiye?”

Injiniya ya karɓe wayarsa. Uwarsa ya juya wa. “To me kike ce masa, Umma? Ki gaya mini kawai, in samu natsuwa.”

“Ba da kai nake ba.”

“Umma…”

“Na ce ba da kai nake ba. Rautarka ta zauna, ta raba intanet in jikokina sun zo, aikin da aka yi ta dominsa ke nan, ba ni da faɗa da ita. Idon nan kuwa yau zai sauka. Akwatunan da ka zo da su ka mayar wa matarka. In kuma ɗaukata za ka yi, sai dai ka saɓa ni a kafaɗa a gaban maƙwabta, ina ihu, kuma ka san innarka za ta taya ni.”

Na ce ƙwarai kuwa, har na fara gyara murya.

Ya ce to a raba, ya saya wa kyamarar nata akwatin daban, da makunninta a ƙasa inda hannunta zai kai. Sai kuma shi da kansa ya girgiza kai, ya ce kyamarar da za ta dinga kashewa ba ta da amfani. Yaya ta ce ai shi ke nan, ya ba kansa amsa. Ya dubi Baffa, Baffa ya ce gidanta ne. Ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai.

A lokacin ne ya faɗi abin da ban taɓa tsammani ba. Ya ce a ofis, a gefen allon kwamfutarsa, falon nan a buɗe yake tun safe har ya tashi. Yana cikin taro yana leƙawa, yana tuƙi yana leƙawa. In ta shiga kicin ta daɗe, sai ya ji numfashinsa na ɗaukewa har sai ta fito. Ni da na zo da shirin cin mutuncinsa, sai na ji duk zagin ya tsere mini. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma ko a lokacin ban ga ya fi ta gaskiya ba.

Yaya ta tashi ta shiga sito, ta jawo tsani da kanta, ta jingina shi a kusurwa. Ta ɗauko sukudireba daga durowa ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon abin a hannunta kafin ya karɓa. Ya hau, ya fara kwance notunan kyamarar, ita kuma ta riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu. Ya kwance na farko, ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Umma, in kika faɗi ba zan sani ba.”

“Ba za ka sani ba.”

“Haka na samu Baba.”

“Na sani, ɗana. Mai yiwuwa haka za ka same ni. Ni na yarda da wannan, saura kai.”

Kafaɗunsa suka fara rawa, tsanin ma ya ɗauka. Ba ta ce ya bari ba, ba ta ce ya sauko ba, ƙara riƙe tsanin kawai ta yi, har jijiyoyin hannunta suka fito.

“Share idonka ka ga abin da kake yi,” ta ce. “Saura ɗaya ta hagu.”